Kawu, da Ɗakin da Ya Riƙe wa Inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, babba da yaro. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a tsakiyar daminar da ta wuce, a ɗakinsa na barikin ma'aikata, cikin gidan gonar shanun madara da muke aiki a bayan gari, can gefen Titin Bauchi. Na daɗe ina so in rubuta wani abu a kansa. Hannuna ba shi da sauri, don da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma na ga idan ban rubuta ba, abin da mutane suka faɗa a zaman makoki shi zai zauna, alhali ba haka abin ya faru ba.

Jama'a sun zo. Mahauta sun zo daga Abatuwa, waɗanda ke sayen tsofaffin shanu a wurinmu. Tsofaffin abokansa na zamanin haƙar kuza sun zo daga Laranto, wasu da sanda. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar kwano, ruwa na yayyafi, kowa ya ƙudundune cikin bargo ko tsohon kwat.

Wani mahauci ya ce, "Ikon Allah! Shekaranjiya fa na gan shi zaune yana wanke garwar madara. Har tsiya ya yi mini, ya ce wuƙata ta fi ni ƙiba."

Wani tsoho ya ce, "Ai irin wannan tafiya ake roƙo. Ko jinya bai yi ba. Bai wahala ba, bai wahalar da kowa ba."

Aka yi ta cewa haka ne, haka ne. Mu kuwa da muke aiki tare da shi muna zaune a gefe guda, babu wanda ya ɗaga kai. Maƙwabcinsa na bariki, wani dattijo Kirista ɗan asalin dutsen nan, yana tsaye jikin ginshiƙi da hularsa a hannu. Da ya ji an ce bai wahala ba, sai ya juya ya fita cikin ruwan.

Ni na zuba ruwa lokacin da ake yi wa Kawu wanka. Da mai wankan ya cire masa riga, sai muka tarar da tsohon rawaninsa a naɗe a ƙirjinsa, an ɗaure tamau. Muka warware. Daga hammata har ƙugu, ɓangaren hagu, jikin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, cikin kuma ya kumbura. Mai wankan ya taɓa haƙarƙarin da yatsa, ya janye hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, saniya ce ta take shi?"

Na ce, "Faɗowa ya yi."

"Yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kun sani?"

Na ce mun sani. Ya ci gaba da wankan har muka sa Kawu a likkafani.

Dole in bayyana yadda wurin aikinmu yake, don wanda bai sani ba zai ɗauka mu marasa imani ne. Shanun da muke kiwo irin na Turai ne, masu baƙi da fari, ba a kai su daji. A kan daɓen siminti suke tsayuwa, kullum ana wanke shi da tiyo, ga kashin shanu, ga ruwa, ga sanyin Jos da ke sa ƙafa ta mutu mutum bai sani ba. Ciyawa da harawa kuma a saman rumbu ake ajiye su, sai an hau tsani a jeho. Akwai tankin ruwa da ake hawa, akwai ramin wankan shanu da ake tsallakawa a kan katako. A wurin nan faɗuwa ba labari ba ce. Labari shi ne abin da ke biyo bayanta. Mu leburori ne. Duk wanda oga ya gani yana ɗingishi, ko ya rataye hannu, zai ce masa ya je gida ya huta. Kafin ya warke an ɗauki wani. Wanda aka sallama kuwa, ɗakinsa na bariki ma ya tashi daga hannunsa.

Ɗakin nan shi ne ran Kawu. Ba don kansa ba, don Inna, matarsa. Yanar ido ce ta makantar da ita tun suna barikin kuza. Da aka rufe ramin da yake aiki, aka tashe su, sai da suka yi yawon gidajen haya, kuma a kowane gida Inna sai ta fasa goshi ko ta ƙone kafin ta san wurin. Ba su da ɗa a raye. Da suka samu ɗakin gidan gona, Inna ta haddace shi da hannu da tafin ƙafa. Ta san inda randa take, ta san hanyar famfo, ta san inda za ta sunkuya saboda igiyar shanya. In ka gan ta tana kai da kawowa a tsakar barikin ba za ka ce ba ta gani ba. Dokin ƙofar ɗakin da can yana da tudu. Kawu ya zauna da guduma da kurfi, ranar hutunsa, ya sassaƙe shi har ya yi daidai da ƙasa. Yakan ce, "Tsohuwar nan idonta a ɗakin nan yake. In aka fitar da ita, an makantar da ita sau biyu."

Shi ya kafa mana al'adar da muke bi. Idan mutum ya faɗi, ba a cewa ya faɗi. Cewa ake ya gaida ƙasa. Da an ji tim, sai na kusa ya daka wa saniya tsawa, wani ya buga bokiti, wani ya tsaya tsakanin wanda ya faɗi da tagar ofis, har ya samu ya miƙe. Idan ya miƙe ya ce, "Na gaida ƙasa," to magana ta ƙare, ba a sake tambayarsa a gaban mutane. Heluma, shugabanmu na leburori, shi ma a bariki yake kwana, don haka ya san abin da ake ciki. Sai ya mayar da mutumin aikin zaune a bayan rumbu, wankin garwa ko yankan ciyawa, sauranmu mu raba nasa aikin. Da yamma a kai shi ɗakin Kawu, don Kawu ya gaji ɗori a wurin mahaifinsa.

Karin maganarsa kullum shi ne, "Ɗingishi a ɗaka ake yinsa." Wani lokaci kuma ya ce, "Ƙasa ba ta kai ƙara ofis."

Akwai matakala ɗaya a tsanin rumbu da ta tsage tun kafin in fara aiki. Kawu ya naɗe ta da igiya, kowa ya san a tsallake ta. Ba mu taɓa neman a sake tsanin ba. In ka je ofis ka ce tsani ya lalace, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya faɗo.

Ni ma na gaida ƙasa. A kan katakon ramin wanka santsi ya kwashe ni, na dafa da hannun dama, na ji ƙas. Lokacin matata na da tsohon ciki, muna haya a Laranto. Kawu ya ja ni bayan rumbu, ya tura mini goro a baki ya ce, "Tauna, kada ka buɗe bakin nan." Da yamma ya ɗora ni da kara da tsumma da man shanu. Bai tsaya nan ba. Duk lokacin da hannun ke ɗaure, shi ya riƙa tatsar shanuna bayan ya gama nasa, tsoho da shi, yatsunsa na tsagewa don sanyi. In na ce, "Kawu, ka bari haka," sai ya ce, "Rufe mini baki. Da uwarka na raye, da ita za ta zage ni in na bar ka." Ranar suna ya zo da kwaryar nono a kansa tun daga gidan gona. Hannun ya warke a ɗan karkace. Har yanzu in na daɗe riƙe da fensir yakan yi tsami. Amma ban rasa aikina ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Akwai gidaje da dama a barikin nan da suke cin tuwo yau saboda rufin asirin Kawu.

Mutum ne mai tsokana. Kowace saniya ya ba ta hali. Akwai wadda yake kira uwar miji, don ba ta taɓa gamsuwa da dusa. Kullum da safe, kafin a fito da shanu, zai zagaya da tsohon bokiti yana watsa yashi a wuraren da suka fi santsi, yana ƙananan waƙoƙinsa na ramin kuza. Goro ɗaya yakan raba uku, ya ci ɗaya, ya ba na kusa ɗaya, ya ƙulle ɗaya a bakin riga ya kai wa Inna. Yana da zafi kuma. In ya kafe a kan magana, ko jaki ya san da zamansa.

Rigimar da ba zan manta ba ita ce tasa da Maƙwabci. Sun shekara da shekaru bango ɗaya ya raba su. Ranar Sallah Kawu ya kai masa nama, ranar Kirsimeti shi ya aiko da shinkafa, matarsa kuma ita ke yi wa Inna tsintar wake. Sai ɗan Maƙwabci, magidanci mai mata da ɗa, ya faɗo daga tankin ruwa, ƙashin cinyarsa ya karye. Muka yi yadda muka saba, aka buga bokiti, aka tare taga. Amma Maƙwabci ya ture mu, ya tafi ofis kai tsaye ya roƙi mota, aka kai ɗan asibiti.

Da yamma Kawu ya tare shi a bakin famfo. "Maƙwabci, me ka yi ke nan? Ka yanka wa yaron nan abincinsa da hannunka."

Maƙwabci ya ce, "Baba, wannan ba hannu ba ne, cinya ne. Kai ma ka san ya fi ƙarfin kara."

"Na ɗora cinya tun ba a haife shi ba!"

"Ka ɗora, na gani. Mutumin yana nan yana tafiya kaman kaguwa."

"Kaguwar tana da ɗaki! Tana da albashi! Naka fa?"

"Nawa zai yi tafiya da ƙafa biyu, ko bara ne."

Yadda Kawu ya faɗa haka aka yi. Kafin a cire wa ɗan filasta an ɗauki wani a gurbinsa, matarsa ta kwashe kaya ta koma ƙauye. Yadda Maƙwabci ya faɗa kuma haka aka yi. Ƙafar ta miƙe sarai, yau ɗan yana dakon katako a kasuwar Laranto. Kawu da Maƙwabci suka yi damina guda ba sa gaisawa. Inna ce ta shirya su. Ta dama fura ta ce wa Kawu ita ba ta ganin hanya, ya miƙa wa maƙwabta. Ya san ƙarya take, ta san ƙofar nan kamar tafin hannunta, amma ya ɗauka ya kai. Sun shirya, sai dai babu wanda ya ce ɗan'uwansa ne da gaskiya.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da ƙanƙara da hantsi. Kawu ya hau rumbu jeho harawa. Ba aikinsa ba ne, na wani ne da ya yi targaɗe yake zaune a baya yana wankin garwa. Igiyar matakalar nan ta jiƙe, ko ya manta bai tsallake ba, ko ƙafarsa ce ta zame, Allah Ya sani. Ya faɗo a kan bakin kwamin siminti da shanu ke cin abinci. Maƙwabci ne kaɗai a kusa. Ya ce da ya iso ya tarar Kawu ya riga ya miƙe, ya dafa bango, fuskarsa ta yi fari kamar toka.

Ya ce masa, "Baba, yaya?"

Kawu ya ce, "Na gaida ƙasa."

Maƙwabci ya ce ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna daminar da suka yi ba sa gaisawa. Ya ɗauki bokiti ya buga.

Mun rufa masa asiri yadda ya koya mana, ba mu bar ko kafa ɗaya ba. Heluma ya mayar da shi wankin garwa. Na karɓi shanunsa, na ji daɗi ma a raina cewa yau ga ni ina rama alheri. In oga ya fito zagaye, sai mutum biyu su tsaya a gabansa suna gardamar ƙarya a kan dusa, har ya wuce. Ba mu taɓa yin rufi mai kyau kamar wannan ba. Abu ɗaya ne ba mu yi tunani ba. Duk wanda ya faɗi, ɗakin Kawu ake kai shi da yamma a buɗe a duba. Shi Kawu babu ɗakin da za a kai shi. Babu wanda ya isa ya ce masa ɗaga rigarka.

Na gwada sau ɗaya. Na same shi a bayan rumbu yana gumi cikin wannan sanyi. Na ce, "Kawu, jikin fa?"

Ya ce, "Jikin wa?"

"Na ga kana sallah a zaune."

"Gwiwa ce. Kai ma tana nan tafe gare ka. Ka tatse uwar miji da kyau? In ka bar mata ko ɗigo za ta kai ƙararka."

Na yi dariya, don yana so in yi. Ya ciro goro ya raba, ya ba ni, nasa kason kuwa ya riƙe a hannu bai ci ba.

Inna ta sani. Bayan sadakar uku, da mata suka ragu, na shiga gaishe ta, ta ce in zauna. Ta ce, "Ɗan nan, suna ta cewa bai yi jinya ba. Ni da ba ni da ido, ni na ga jinyarsa. Numfashinsa ya canza tun ranar ƙanƙara. Guntu-guntu yake ja, kamar mai shan kunu da zafi. Na ji lokacin da yake naɗa rawanin, yana cije baki. Na ce, Malam, ka je asibiti. Ya ce, in na je asibiti oga zai ji. Na ce, ya ji mana. Ya ce, in ya ji, wa zai bar miki ɗakin? Na ce, a bar ni a gindin bishiya, in dai kana nan. Sai ya ce, tsohuwa, kwana kaɗan ne, ƙashi ne zai kama." Ta shafa bakin tabarma. Ta ce, "Shekara nawa yana ɗora mutane, bai san ba ƙashi ne kaɗai ke fashewa a cikin mutum ba? Ya sani. Ni dai na ce ya sani."

Da safe Kawu ya cika, bayan ya yi sallah, yana ƙoƙarin sa takalmin aiki. Ƙafa ɗaya ya sa.

Oga ya zo ta'aziyya. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma kamar kowa. Labari ya riga ya kai masa. Ya dube mu ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ga mota a ajiye. Da na kai tsohon nan asibiti da kaina." Wataƙila da gaske yake, da ya kai shi. Ya kai ɗan Maƙwabci ma. Abin da bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba, shi ne wa zai kwana a ɗakin bayan an dawo daga asibitin. Heluma ya roƙe shi a bar Inna ta yi takaba a ɗakin mijinta, tun da a bakin aiki ya rasu. Ya yarda. Ya sa aka kawo sabon tsani kuma.

Abin da Kawu ya saya da ransa ke nan: kwanakin takaba.

Maƙwabci bai ƙara buga bokiti ba. Ya ce duk wanda ya sake faɗuwa a gabansa, ihu zai yi har a ji a Titin Bauchi. Amma kada in yi ƙarya a rubutun mamaci. Har yau ana gaida ƙasa a gidan gonarmu. Watan jiya ma wani ya gaida ta a bakin ramin wanka, aka tare taga. Bambancin kawai, yanzu babu mai ɗori.

Da Inna ta fita takaba, aka ce sabon ma'aikaci na jiran ɗakin. Na zo da amalanke. Kayan ba su da yawa. Kafin mu fita ta zagaya ɗakin tana shafa bango, ta taɓa ƙusar da yake rataye rigarsa, ta taɓa wurin randa. A bakin ƙofa ta tsaya, ta goga tafin ƙafarta a inda ya sassaƙe, ta daɗe tana gogawa. Matar Maƙwabci na kuka. Inna ba ta yi ba. Ta ce, "Mu je."

Gidan da nake haya a Laranto dokin ƙofarsa yana da tudu, saboda ruwan damina. Na manta ban gaya mata ba, ina fama da sauke kaya. Sai na ji tim. Na juyo na tarar da ita a ƙasa, ta dafa da gwiwa da hannu, ɗankwalinta ya zame. Matata ta yi salati. Inna ta lallaɓa ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsina, har da ɗan murmushi.

Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Na gaida ƙasa."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "A'a, Inna. Faɗuwa kika yi. Nuna mini inda ke ciwo."

Sai ta miƙo mini hannun hagu. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da gawar Kawu.

Washegari na ari guduma da kurfi.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ya rufa asirin bayinKa iyakar saninsa, Ka rufa masa nasa. Inda ya yi daidai Ka ninka masa, inda ya kuskure Ka yafe masa, mu da muka taya shi Ka yafe mana. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi ɗakin da ba a tashin mai shi. Amin.